Masarar Hedimasta

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ya aiki, ya iyali? Ya ƙafar Anti Rabi? Mu nan Kiru lafiya lau.

Kwamfutar makarantarmu ta mutu da jarrabawar da na yi sati biyu ina bugawa. Na canja fis, shiru. Da mai gyara ya kwance ta, sai ga mushen ɓera a kan wayoyi. Wari, Yaya! Ashe hedimasta ne ya jibge masararsa a ɗakin, wai shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe.

Don Allah kwamfutar da za ka sayo min, zaɓi ta tafi-da-gidanka mai riƙe caji. Na daina ajiye aikina a rumbun wani.

A sa mu a addu'a. Gaida yara.

Ƙaninka,
Musbahu