Kujerar Jikin Bango

Kurudu, 3 ga Maris

Zuwa ga Malama Bilqis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni ne Abednego, tsohon sojan nan ɗalibinki na aji biyu.

Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinki ina juyawa, shi ya sa na rubuto. An kai ni gaban kwamitin ladabtarwa, wai na yi satar jarrabawa. Ban yi ba. Lambar kujerata ta faɗa layin gaba, ƙofa tana bayana. Malama, tun da na dawo daga daji ba na iya juya wa ƙofa baya. Bayan minti goma sai na tashi na koma kujerar jikin bango. Ashe wani ya cusa takardar amsa a ƙarƙashinta.

In suka kore ni ban san inda zan nufa ba. Tun safe nake zagaye tsakar gida, zama ya gagare ni.

Naki cikin ladabi,
Abednego

Gwagwalada, 6 ga Maris

Abednego,

Ina amsa gaisuwarka. Na karanta rahoton kwamitin, kuma raina ya ɓaci. An ce ka yi laifi, ka ce "Yes sir." An tambaye ka ko kana da abin faɗa, ka ƙame ka ce "No sir." Haba! Shekara goma sha ɗaya kana kare mutane, ka kasa buɗe baki ka kare kanka? Ranar Alhamis za su yanke hukunci. Me ya hana ka gaya musu abin da ka gaya mini?

Ka huta lafiya,
Bilqis

Kurudu, 8 ga Maris

Ranki ya daɗe Malama,

Barka da aiki. A bariki in oga ya ce ka yi laifi, ba ka kawo dalili, hukunci kake karɓa tukuna. Ba wanda ya gaya mini a jami'a ana mayar da magana.

Kuma wa zan gaya wa? A fom an tambayi jihata da addinina, ba a tambayi inda na baro ba. Abokina Tawfiq, da muka yi daji tare, ya daina zuwa tun zangon farko, don duk aka buga ƙofar aji sai ya tsinci kansa a ƙasa, yara na dariya. Har yau ba wanda ya neme shi. Ina jin tsoro, Malama, fiye da yadda na ji a can.

Allah ya kiyaye ki,
Abednego

Gwagwalada, 12 ga Maris

Abednego,

Sannu da haƙuri. Ka yafe mini, na karanta wa kwamiti wasiƙunka ba da izininka ba. An gwada rubutun takardar, ba naka ba ne. Za ka sake jarrabawar ranar Litinin, kuma na sa an liƙa lambarka a kujerar jikin bango.

Turo mini lambar wayar Tawfiq. Kujerar da ke kusa da taka ba kowa a kanta.

Sai na gan ka,
Bilqis