Wanda Zan Turo Gidanku

Zuwa gare ki Sa'adatu, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, wadda sunanta kaɗai ke sauke mini gajiyar yini! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke ma'abociyar murmushin da ya hana ni sakat.

Saƙon Baba, mahaifinki, ya same ni, cewa in da gaske nake in turo magabatana. Wayyo Sa'adatu! Wani saurayin da rawa zai taka, ni kuwa sai na zauna a bakin katifa a ɗakina na Gyadi-Gyadi, na rasa wanda zan yi wa albishir. Wa ya rage mini? Tun da na bar kodin da ƙwaya, 'yan majalisarmu suka bar ni. In na wuce da adaidaita sahuna sai su bi ni da ihun ga ustazu nan. Masu kirkin unguwa kuma har yau in na shiga sahun salla sai wani ya dafe aljihu. Nakan sayo shayi da burodi in ci ni kaɗai, ina kallon bango.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a Tarauni, na ɗauko ki daga makarantar koyon jinya? Wayata ta yi ƙara, na juya baya na amsa da Inyamuranci ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Na jira ki ce in sauke ki. Sai kika yi dariya, kika ce dama ina da harshe biyu nake yi miki rowa, har kika sa na koya miki gaisuwar safe. Kin kwaɓa ta iya kwaɓawa, gimbiya, amma ban taɓa jin yaren mahaifina ya yi daɗi haka ba. Ashe abin da na girma ina ɓoyewa zai iya sa mace murna?

Kin san marigayi babana mutumin Anambra ne, ya musulunta ya auri Innata Bakanuwa. A makarantar allo ni ne ɗan Inyamuri, in an kai ni garin babana kuma ni ne aboki, wato Bahaushe. Jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Kwalbar kodin ce kaɗai ba ta taɓa tambayata asali ba, shi ya sa na riƙe ta har ta kusa kai ni kushewa. Ranar da na faɗi a bakin kwata jama'a suna tsallake ni, ƙanin babana ne, Baffa Obinna, ya rufe shagonsa na Sabon Gari ya zo ya saɓa ni a kafaɗa. Shi ya yi jinyata. Kirista ne, amma shi yake tashina in lokacin salla ya yi.

Yanzu masu ba da shawara sun yi mini caa. Wai in tura Kawu, ɗan'uwan Innata, shi kaɗai, ko in ari wani dattijo mai rawani, kada a ga jar hular Inyamurai a zauren gidanku a fasa. Har na fara saurarensu, don tsoron rasa ki ya fi ciwon barin ƙwaya zafi, na rantse da Allah. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na ɓoye mutumin da ya ɗauke ni daga kwata, da wane ido zan kalle shi? Da wane ido zan kalli kaina? Kunyar kaina ce ta shayar da ni tun farko, ba na son in sake kurɓarta ko don ke.

Saboda haka Kawu zai zo, shi ne wakilina ranar ɗaurin aure in Allah ya nufa. Amma Baffa Obinna ne zai fara sallama a ƙofarku a Unguwar Gano, da hularsa da karyayyiyar Hausarsa.

Roƙona ɗaya ne, ya ke hasken raina. Ki gaya wa Baba da Inna komai kafin su zo, kada ki rage ko kaɗan don tausayina. In Baba ya amince, na gode wa Allah. In ya ƙi, zan yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, amma ba zan koma gidan jiya ba, kuma ba zan daina sonki ba har a binne ni. Ko me za a yanke, ki sa a shimfiɗa wa tsohon nan, Baffa Obinna, tabarma mai kyau. Tun da na gaya masa ya kai rigarsa guga, kullum sai ya kira ni yana tambayar yadda ake cewa mun zo neman iri.

Naki, da jinina duka biyun, har abada,
Rabi'u Musa Nwafor