Rigunan Aro Sun Hana Yaranmu Katin Abinci

Daga: Mai wanki da guga, ɗaki na tara, gidan haya na bakin kwata
Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tallafa wa Yara Marasa Galihu
Kwanan wata: 19 ga Maris

Game da: Cire yaran gidanmu daga jerin masu karɓar katin abinci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina rubuto wannan takarda a madadin matan gidanmu, gida mai ɗaki goma sha huɗu, yara talatin da ɗaya, da bayi guda.

1. Ranar 2 ga Maris aka sanar da mu cewa jami'ar kwamiti za ta zo duba halin yara kafin a raba kati. Mu ba a koya mana tarar baƙo da tsumma ba. Muka yi shara, muka yi wa yara wanka, ni kuma na kwaso rigunan 'ya'yan mutane da aka kawo mini wanki na sa musu. Wannan wautar tawa ce, na amsa laifina.

2. Ranar 4 ga wata jami'a ta zo. Ta tsaya a tsakar gida da hankici a hanci, ba ta leƙa ɗaki ko ɗaya ba, balle ta buɗe tukunya. Ta dubi riguna, ta rubuta cewa yaran ba sa cikin buƙata. Tana fita na tuɓe musu, na sake wankewa, na mayar wa masu su.

3. Na je ofishinku ranakun 9, 11 da 16. An ce rahoto ya riga ya hau sama, kuma abin da ya hau ba ya saukowa. An yaba mini da tsabta.

4. Jikata, 'yar shekara uku, ita ce jami'a ta shafa wa kai ta ce kyakkyawa. Doguwar rigar ta rufe ƙafafunta da suka kumbura. Yau kwana shida ba ta iya tsayuwa. Malamar asibiti ta ce ba cuta ba ce, yunwa ce. Wallahi ina jin ɗacin wannan abu, domin da hannuna na sa mata rigar.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a turo wani ya sake duba mu ba tare da sanarwa ba, ya shiga ɗakuna, a kuma mayar da sunayen yaran. Ina roƙon a zo cikin makon nan. Idan aka wuce haka, zuwan na ta'aziyya ne, kuma ba mu da wurin zaunar da manyan baƙi.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Mai wanki da guga, ɗaki na tara