Hoton Ya Kaka a Ƙofar Mazugal

Litinin, 11 ga Maris, 2024

An ɗauki azumi. Shehu ya kira da safe, wai ni zan riƙe wa Alhaji Abdulhakeem hoto duk watan nan: shan ruwa, rabon kayan azumi, da taron gidauniyarsa. Shehu ne ke sa wa Alhaji abubuwa a waya, kyamara kuwa tawa ce. Ya ce Alhaji da bakinsa ya ce a kawo ɗan banzan yaron nan na Soron Ɗinki mai sa tsofaffi dariya. To alhamdu lillahi. Malaminmu na allo ya karya bulala a bayana saboda tsokana, ga shi yau ta yi rana.

Na shiga na gaya wa amaryata. Ya Kaka ke nan, wadda ta haifi babana, ta kuma riƙe ni bayan rasuwarsa. Na same ta tana goge kwalaben turaren da take sayarwa. Na ce ta shirya, bana zan yi mata lefe. Ta ce mijin da ko asuwaki bai taɓa sayo mata ba. Kafin in fita na jefa takalminta ɗaya cikin turmi. Har zaure ina jin ta: "Ango, Allah ya shirye ka!"

Alhamis, 14 ga Maris

Shan ruwa a gidan Alhaji kullum. Kaji, farfesu, lemo mai ƙanƙara. Na manta rabon da in sa hannu a kwanon gidanmu.

Shehu ya yi ƙorafi a kan hotunan rabon jiya. Matan duk sun ja hijabi sun rufe fuska lokacin karɓa. Wai Alhaji ba hoton yadi yake so ba, fuska yake so. Na ce ya bar ni da su. Abin ba wuya: daidai lokacin da buhu ya taɓa hannun mace sai in jefa mata magana, in ce Iya kin fi amarya kyau, ko in ce wa ya sato miki takalmin miji. Dole ta ɗago ta ga wane marar kunya ne. Ta ɗago, na danna. Shi ke nan.

Bana Ya Kaka sau ɗaya ta aika wa maƙwabta kunun gyaɗa, ita da ba a shan ruwa a layinmu sai da kwanonta. Na ce rowa ta kama ta a tsufa. Ta jefe ni da maficinta.

Asabar, 16 ga Maris

Yau na kama babban kifi!

Babban rabo a filin makaranta wajen Ƙofar Mazugal. Rana kamar ta dafa mutum, mata layi har titi. Ina aikina sai ƙamshi ya buge ni. Humrar nan da mutum ɗaya ke haɗa ta a birnin nan. Na duba, wata ce cikin ruwan tokan hijabi, ta rufe har hanci. Hijabin 'Yardada maƙwabciyarmu ne, na san ƙunar da ke gefensa. Ya Kaka kuwa tunda nake ban taɓa ganinta a waje ba lafaya ba.

Na jira har ta iso gaban Alhaji. Yana miƙa mata buhu na ɗaga murya: "Amarya! Da izinin wa kika fito?"

Ta ɗago. Na danna.

Mutane suka yi dariya ba su san kan zance ba. Ita ba ta yi ba. Ta rungumi buhun ta juya da sauri har ta kusa faɗuwa. Na san 'Yardada ce ta aiko ta karɓar mata, amma sai na wana ta da hoton nan har Sallah tukuna in goge. Shehu ya karɓi memori ya kwashe komai a kwamfuta kamar kullum.

Lahadi, 17 ga Maris

Na shiga da hoton a waya ina rawa. Ba ta kalla ba. "Kyari, ka ci abinci?" Kyari. Ba Ango ba.

Fushin amare. Zai wuce.

Laraba, 20 ga Maris

Bai wuce ba.

Gwaggo Hadiza ta tare ni a zaure. Ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ce in zo in gani. Ta kai ni madafa ta buɗe tukunyar da ke kan murhu. Ruwa. Ruwa zalla yana tafasa. Tun kafin azumi haka suke yi wasu ranakun, don maƙwabta su ga hayaƙi. Turare ya daina fita, kayan haɗi sun yi tsada, ba biki. Buhun nan ba na 'Yardada ba ne. Namu ne. Kununsa yaran Gwaggo ke sha da asuba.

Na ce me ya sa ba a gaya min ba. Ta ce Ya Kaka ta hana, wai yaro yanzu yake tasowa, a bar shi ya yi sutura. Ta kalli sabon takalmina.

Na goge hoton a wayata. Na kira Shehu, bai ɗauka ba.

Juma'a, 22 ga Maris

Inna lillahi.

Ina kan hanyar masallaci na gan ta. A mahaɗar Ƙofar Mazugal, fosta a kan ƙarfe, tsawonta ya fi ɗaki. Fuskar Ya Kaka, baki ɗan buɗe, gumi a gefen ido kamar hawaye, buhu a ƙirji, Alhaji a gefe yana murmushi. An rubuta a ƙasa: KU TAYA MU SHARE MATA HAWAYE. Na karanta sau biyu, na ce ko ɗan bokon da na koya a waya ne ya gaza. Bai gaza ba.

Tsagen fuskarta na Barebari ya fito raɗau. Ko makaho ya san ita ce.

Hoto ne mai kyau. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba.

Asabar, 23 ga Maris

Taron neman gudummawa na gidauniya a babban ɗakin taro. Ga ta nan a bango bayan manya, ga ta a jikin takardun da ake rabawa, mutane suna fifita da ita. Duk wanda ya tashi ya faɗi abin da zai bayar sai ya juya ya nuna ta: "wannan baiwar Allah". Wani mai ƙaton rawani har muryarsa na rawa. Ni kuma ina durƙushe a gabansu ina dannawa, ina cewa ranka ya daɗe a ɗan matso dama.

Na ja Shehu gefe na ce kakata ce, a sauke. Ya yi dariya, ya zaci tsokanata ce ta kullum. Sai da na rantse da Alƙur'ani. Ya ce an riga an buga, an liƙa, ta zaga waya, me nake so ya yi. Amma zai gaya wa Alhaji.

Na ji sanyi kaɗan. Wawa.

Litinin, 25 ga Maris

Kwanuka sun fara shigowa gidanmu. Daga gidajen da ita ke aika wa. Ana aiko yara: wai a ba Ya Kaka, ba yawa. Har matar da ta sha zuwa aron zani a wurinta. Ya Kaka tana karɓa ta sa albarka, ta sa a juye a wanke kwanon, ta ɗaura ɗan turare a leda ta sa a ciki a mayar. Ba ta taɓa mayar da kwano haka nan ba. Kwalaben sun kusa ƙarewa.

Ita ba ta ci.

Talata, 26 ga Maris

Shehu ya gaya wa Alhaji. Abin da ya haifar ke nan: bayan la'asar motoci suka tsaya a bakin layi saboda lungunmu ba ya cin mota, aka sauke buhuna, 'yan dako suka jero da su a ka har ƙofar gida. Duk unguwa ta fito. Alhaji da kansa, da masu ɗaukar bidiyo. Wai ya gano tsohuwar da ke jikin hoton, kuma ashe kakar yaronsa ce. Ni na tabbata a ransa alheri yake yi. Ya dafa kafaɗata ya ce haba Kyari, kana tare da mu gidanku na wannan hali?

Na so ta ƙi fitowa. Ta fito. Ta sa lafayarta mai ruwan zuma, ta biki, ta yi turare. Ta tsaya a ƙofar zaure a miƙe ta yi masa addu'a mai tsawo, shi da iyayensa da zuriyarsa. Muryarta ko rawa.

Shehu yana taɓa ni: ɗauka mana. Na ɗaga kyamara. Ta cikin gilashi ta kalle ni. Ban san ko na danna ba. Da na duba daga baya, na danna.

Alhamis, 28 ga Maris

Yau ranar asibitinta ta hawan jini. Ta ƙi zuwa. Hanyar ta mahaɗar Mazugal take bi. Na ce in samo a-daidaita mu zaga ta wani wuri. Ta ce ita da aka gani a ko'ina, ina kuma za ta zaga.

Asabar, 30 ga Maris

Da tsakar rana, lokacin da azumi ya kwantar da kowa, na hau ƙarfen da reza na yanke igiyoyin. Ta faɗo a kan titi. Kafin in sauko wasu yara sun naɗe sun gudu da ita.

Na gaya mata na sauke. Ta ce sannu da aiki.

Na sa mata ƙadangaren roba a kan dardumarta, wanda take tsalle tana zagina da Barbarci in ta gani. Ta ɗauke shi ta ajiye gefe ta ta da salla.

Talata, 2 ga Afrilu

Ta faɗi wajen alwala. Ɓarin dama ya saki.

Juma'a, 5 ga Afrilu

An dawo da ita gida, likita ya ce a yi ta addu'a. Magana na fita amma a karkace. Ina zaune ina mata fifita, ina karanta mata abin da ya rage a kaina na Yasin, sai ta ce in nuna mata. Na ce me. Ta ce hoton. Ashe ba ta taɓa ganinsa ba, ji kawai take.

Na ce na goge. Ta ce ƙarya ba ta yi min kyau da azumi. Na shiga shafin gidauniya na buɗe mata. Ta daɗe tana kallo.

"Hijabin 'Yardada bai karɓe ni ba."

Na yi dariya har da hawaye, na ce ai shi ya sa na ce ki dinga neman izinina, Amarya. Na jira. Wallahi na jira kamar mai jiran kiran magariba.

Ta lumshe ido. "Auren nan ai ya mutu, Kyari."

Ban gane ko wasa ne ba. Bakin ya karkace, ba a gane murmushi.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Bayan azahar. An kai ta kafin la'asar.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. 'Yan uwa na Maiduguri suna ta nema a turo hotonta su sa a waya a yi mata addu'a. Ba ta yarda da hoto, duk rayuwarta. Guda biyu ne a duniya, duka ni na ɗauka. Na ce babu. Da yamma na ga wani ɗan kawu ya sa na rabon, ya yanke Alhaji, ya bar buhun.

Asabar, 13 ga Afrilu

Sadakar bakwai. Tsohuwa ce ta cika da jikoki, don haka bayan addu'a aka ce jikoki su yi wasansu, a kwaikwayi kaka a sa iyaye dariya su ba da na goro. Kowa ya juyo wurina. Wa ya kai ni iya tafiyarta da Hausarta mai gauraye? Shekara nawa ina yi a gabanta tana bi na da muciya.

Suka naɗa min lafayar mai ruwan zuma, suka ba ni carbinta. Mata har sun fara dariya tun ban buɗe baki ba. 'Yardada tana cewa yi mana "Ango Allah ya shirye ka".

Humrar tana jikin yadin.

Na tsaya a tsakar gida. Ban san iya tsawon lokacin ba. Gwaggo Hadiza ce ta zo ta warware min ita a hankali ta ce a bar shi, zafi ne.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ƙofar Wambai, na je sayen batir. Wani mai gwanjo ya yi rumfa da fostar da na yanke. Tana sama a kife, rana na ratsa fuskarta, mutane na ciniki a ƙarƙashi. Na ce ya sayar min. Ya ce inuwarsa ce. Na sayo masa sabuwar tamfol muka yi musaya, yana min kallon mahaukaci.

Tana ƙarƙashin katifata a naɗe. Ba na iya ƙona ta, ba na iya buɗe ta.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na koma aiki. Gida sai da cefane, yanzu ni ke kaiwa, ina buɗe tukunya in duba, Gwaggo na cewa na zama uwar miji.

Rabon keken ɗinki ga zawarawa. Sun ja hijabi kamar kullum. Shehu yana ta zungurina: yi musu abin naka mana. Wata tsohuwa ta zo da takalmi wari daban-daban, maganar har ta zo bakina, a shirye, mai kyau. Na ce masa maƙogwarona ke ciwo.

Ya duba hotunan ya ce wannan ai duk hannuwa ne da yadi, Alhaji ba zai so ba, in haka ne akwai wani yaro a Wambai. Na ce to.

Mura ce kawai. In ta sake ni zan gani.