Baƙin Hayaƙi Ya Dawo Salansar Motata

Doña Ofelia, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni direban bas ne a nan Manizales, kin san tudun unguwarmu, in mota ta ɗauki hawa sai ta turnuƙe masu sayar da wainar masara ta arepa da hayaƙi. 'Yata Yulieth tana da asma tun tana goye, makarantarsu kuma a bakin hawan take.

Bara ƙungiyarmu ta direbobi ta koma shan sabon dizal ɗin nan da ake haɗawa daga iskar gas. Fari ne tas kamar ruwa, ba wari. Na sa hannu a salansa, yatsana bai yi baƙi ba. Ni na tsaya gaban iyayen yara a taron makaranta na rantse musu cewa baƙin hayaƙi ya ƙare. Har tafi suka yi mini.

Kwanan nan hayaƙin ya dawo. Na zargi motata, na canja nozul mai feshin mai, na canja matatar iska, a banza. Ranar Asabar na yi sammako gareji, na tarar da tankar tsohon dizal tana juye mai a rumbunmu, Evaristo na tsaye yana kallo. Shi ke kula da man ƙungiya. Shi ne kuma uban baftismar Yulieth, shi ya taɓa ɗaukar ta a guje zuwa asibiti da numfashinta ya sarƙe. Da na tuhume shi, bai musa ba. Wai sabon man ya yi wuyar samu, ya ji tsoron motoci su tsaya, wai in rufa masa asiri don zumuncinmu. Takardar shaidar "mai tsabta" da ƙungiya ta ba mu kuwa tana nan manne a gilashin motata. Iyayen yara na gaishe ni, ina sunkuyar da kai. In tona shi, ko in yi shiru?

Direban da Aka Ci Amanarsa

Ɗana, na ji zafin da ke ranka, kuma kana da gaskiya. Sabon man nan ba shi da sinadarin farar wuta sosai, yana ƙonewa da kyau, shi ya sa toka da baƙin hayaƙinsa ba su kai na tsohon ba. Bai kawar da duk gubar salansa ba, rantsuwarka ta ɗan zarce, amma sauƙin da yaran suka samu na gaske ne.

Evaristo ba lallai mugu ba ne. In motoci suka tsaya, gidaje da yawa za su kwana da yunwa, na fahimci tsoronsa. Laifinsa shi ne ya yanke hukunci shi kaɗai a ɓoye, ya bar ka kana yawo da ƙarya a gilashi.

Ka ciro takardar nan yau. Ka same shi ku biyu, ka gaya masa kafin taron ƙungiya na gaba ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi kai za ka faɗa. Ku nemi ko motocin da ke bi ta gaban makaranta kaɗai su ci gaba da shan farin man. Ka kai Yulieth likita ya duba ƙirjinta. Sannan ka koma wurin iyayen nan, kada su ji a bakin wani.

Zumuncinku zai iya jure wannan tonon. Huhun yarinyar ba zai jure shirunka ba. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Ofelia