Numfashin da Ke Cikin Motar Auta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Ya ciwon gwiwar? An ce mini kin ajiye maganin don kin ga ɗan sauƙi. Yaya, ki koma masa, na san halinki, ranar da kika iya tashi ba tare da dafa bango ba sai ki ce likita ya gama aikinsa. Mu nan lafiya lau muke. Mai ɗakina ta rabu da tarin da ya dame ta, ƙaramar 'yarmu kuma ta fara koyon ɗinki, ba ƙyallen da ya tsira a gidan, har tsumman da nake goge hannu a gareji ta yi masa aljihu.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in buga waya, don a waya za ki katse ni da dariya kafin in kai tsakiya, ni kuwa ina so ki ji maganar nan har ƙarshenta. A kan Autanki ne. Kada hankalinki ya tashi, lafiyarsa ƙalau, yana ma gidana a yanzu haka.

Kin san ya sayi mota, amma ban jin ya faɗa miki irinta. Motar gudu ce, shuɗiya mai duhu, kujera biyu kacal, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare, sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Ranar da ya kawo mini ita in sa albarka na ce masa wannan ko surukarsa ya gani a hanya da kaya ba shi da inda zai sa ta. Ya yi dariya, ya ce burinsa in ya sami hutu ya tuƙo ta har ƙofar gidanki, ya zaga gari da ke. Bai daɗe da ita ba fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, 'yar rawayar nan mai siffar inji. Na jona mata na'urar bincike, ta nuna mini iska ta fi mai yawa a cikin injin. Abin da wannan ke nufi, Yaya, inji yana gauraya iska da fetur ne a kan ma'auni. In iska ta rinjaya, wutar cikinsa takan yi zafi fiye da kima, in aka bar shi haka sai ta cinye shi daga ciki. To ko dai man ne ba ya isowa, ko kuma iska ce ke satar hanya ta wata kafa.

Na fara da mai. Na auna ƙarfin famfon, daidai yake. Na ciro nozul masu fesa man na wanke, na goge abin da ke auna iskar da ke shiga, na duba filogi na same su sun yi fari fat, alamar na'urar ba ƙarya ta yi ba. Na bi tiyo-tiyon roba da hannu ban ji tsaga ba. Na kashe fitilar na ba shi motarsa. Kwana kaɗan sai ga shi ya dawo, fitila ta sake kamawa, shi kuma idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce in ba zan yi masa dariya ba akwai abin da bai faɗa mini ba. Ya ce duk lokacin da ya rage gudu a mararraba yakan ji ana numfashi a bayan kunnensa, alhali motar ba ta da kujerar baya. Ya ce har ya koma tuƙi da gilas a sauke, rediyo a ƙure.

Wallahi daɗi na ji, don a ganina ya ba ni amsar da nake nema. Akwai wani baƙin tulu na ƙarfe a bayan birki, shi ke ara wa ƙafar direba ƙarfi, da iskar inji kuma yake aiki. In robar cikinsa ta yage, yakan yi huci idan an taka, iska ta sulale cikin inji, birkin kuma wata rana ya ƙi ci. Na ce masa aljaninsa na roba ne, ya bar mini motar. Na kira maƙwabcina mai gyaran wayarin mota, Dogo muke ce masa, don shi ke da injin hayaƙi. Akan hura hayaƙi ne cikin hanyar iska, duk inda ya ɓullo nan ɓarakar take. Muna hurawa kuwa sai ga shi yana fita ta ƙarƙashin sitiyari, daidai wurin birki. Dogo ya tafa mini, ya ce tsufa ya yi rana.

Da na kwance tulun na juya shi, laka busasshiya ce ta zubo, da yashi mai laushi irin na bakin kogi, da ƙananan ɓawon dodon-koɗi. Na ɗaga kafet ɗin ƙasa, duk laka. Sai a lokacin na lura da rufin ciki, daidai kan direba an liƙa sabon ƙyalle. Na ɓanɓare gefensa, na ga na asalin a yayyage, layi-layi, kusa da juna, kamar sawun farce. Hannun buɗe ƙofa na ɓangaren direba ma sabo ne, launinsa bai zo ɗaya da na ɗaya gefen ba. Na sa sabon tulu, na tayar da inji, na'ura ta nuna ma'auni ya daidaita, fitila ta mutu, huci ya ɗauke. A wajen aikina, Yaya, nan magana ta ƙare.

Dogo ne ya ce tunda motar ta sha ruwa, gara mu gwada robar ƙofofi kafin ruwan sama ya jiƙa yaron. Na riga na cire batir na ɗora a kan benci zan wanke kansa. Muka cika cikin motar da hayaƙi, muka rufe, muka tsaya muna kallo ta gilas. Rana tsaka ce, masu walda na ta aikinsu a tsallaken titi. Hayaƙin ya kwanta luf. Can sai na ga ya motsa a wuri ɗaya, daidai inda fuskar direba za ta kasance. Ya shige ciki ya bar rami, sannan ya dawo. Ya sake shigewa, ya dawo. Da farko a hankali, kamar na mai barci, daga nan ya fara sauri, gajere-gajere, irin na wanda iska ke ƙare wa. Gilashin gefen direba ya yi raɓa daga ciki, faɗin tafin hannu. Na finciko ƙofar, hayaƙi ya fito, ba kowa a kujera. Amma fitilar nan rawaya tana ci, ga batir can a kan benci. Dogo, wanda ko cikin salansar mota aka sa kansa ba zai yi shiru ba, ya naɗe tiyonsa, ya rufe shagonsa ya tafi gida.

Kin san ni ba mai saurin cewa aljanu ba ne, na sha cin abinci da motocin da aka ce an yi musu asiri, ashe waya ce ta ƙone. Don haka washegari na toshe duk kafofin iska da salatif, na tura motar inuwa ko zafin rana ne ke juya hayaƙin, na sake gwadawa ni kaɗai. Abin bai canza ba. Na je wurin dillalin da ya sayar masa. Da farko ya rantse motar ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba. Na zube masa ɓawon dodon-koɗin a kan tebur. Da ya gan su sai ya ce daga ƙarƙashin wata gada aka janyo ta, shi bai tambayi labarin direban ba, ba a kuma faɗa masa ba. Ina ƙofa zan fita ya ƙara da cewa ya taɓa sayar da ita kafin Auta. Wata safiya ya same ta a bakin shagonsa, makulli a jiki, mai ita bai sake waiwayo ba har yau.

Ban ba Auta labari ba, na kira shi ne na sa ya gani da idonsa. Ya tsaya bai motsa ba har hayaƙin ya fara saurin nan. Sai ya ce mini a hankali, haka yake ji, kuma abin da ya fi ba shi tsoro, ya sha kama kansa a kan hanya yana numfashi tare da shi, in ya yi sauri shi ma ya yi. Ya ce akwai ranar da sai da ya tsaya a gefen titi ya fito da rarrafe kafin iska ta shiga ƙirjinsa. Ya miƙo mini makulli, na ce ya kwaso kayansa ya dawo gidana tukuna, bai yi musu ba.

Ga inda nake neman ki. Ya yarda ba zai ƙara tuƙa ta ba, amma wani abokin aikinsa ya nace yana so ya saya, yaro ne da matarsa ke da tsohon ciki. Auta ya ce duk guminsa na cikin motar nan, na'ura kuma ta ce lafiyarta ƙalau, wataƙila shi kaɗai abin ke bi. Na ce ni da Dogo fa, mu ma mu kaɗai yake bi? Na gaya masa muddin ina da rai motar nan ba za ta fita daga garejina da ɗan wani a ciki ba, masu sayen ƙarafa zan kira su yanka ta a gabana. Ya ce ni kawunsa ne, ba zai ɗaga mini murya ba, amma maganar uwarsa kawai zai ji a kan wannan. Na cire tayoyin na kulle su a sito. Ki kira shi, Yaya, ki yi masa magana da muryar nan taki da ba a yi mata gardama. Abin da ya rasa zai mayar, yaro ne mai hannu, ni ma ba zan zuba masa ido ba.

Yana cin abinci, yana zuwa aiki a motar haya, har ya fara tsokanar ƙannensa na gidana. Sai dai jiya da ya dawo ya kwanta barcin la'asar, na zo wucewa ta ƙofar ɗakin sai na sami kaina a tsaye ina sauraro. Mai ɗakina ta same ni a wurin ta tambaye ni me nake nema, na ce ba komai. So nake in tabbatar numfashin mutum ɗaya ne a ɗakin. Na mutum ɗaya ne, alhamdu lillahi. Ki taya mu da addu'a ya ɗore a haka.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Yaya Babba da iyalinsa, da Gwaggo in kin leƙa ta, da 'yan biyunki. Takwarana ki ce masa har yanzu ina jiran ya girma ya zo ya karɓi sifana. Mai ɗakina da yara suna gaishe ki da kyau. Allah ya tsare mana zuri'a, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Bakanike