Sun Cire Mini Juma'a

Ƙanwata Balaraba,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya maigidan da yara? Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam raina a ɓace yake. Tun da na koma kan keken guragu, Rabi maƙwabciyata a unguwarmu Tremont, a nan ƙasar waje, na zaɓa da kaina, gwamnati ke biyanta tana kula da ni. Ita ke zuba mini ruwan alwala, ta tura ni masallaci ran Juma'a. To wai an yi wa tsarin gyara, an rage mata awanni, kuma Juma'ar suka cire.

Jami'arsu ta zo har falona, ta ba ni baya tana tambayar Sani autana, "Me mamanka take buƙata?" Ga ni zaune fa! Shi kuma sakaran ya ce ai ina iya salla a gida. Na ce mata, "Baiwar Allah, ƙafata ce ta mutu, ba bakina ba."

Na ɗaukaka ƙara. Ku sa ni a addu'a, ki gaida Kawu. Juma'ar nan kuwa Sani zai tura ni, tunda shi ya iya amsa.

Yayarki,
Hadiza